Baba Tsoho, Maƙiyin Tallan Fim

Ranar sadakar ukun Baba Tsoho na yi wani abin kunya da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in shige rumbu in ja murfi. Muna zaune a ƙofar gida, tabarmi cike da mutane tun daga zaure har gindin darbejiya, liman ya ɗaga hannu ana addu'a, ni kuma shaiɗan ya raɗa mini in leƙa waya in ga lokaci. Ban san inda yatsana ya taɓa ba. Sai kawai wayar ta ɓarke da kiɗa da ƙarar bindiga, wani ƙato yana ihu daga tafin hannuna: "Kada ku bari a ba ku labari!" Tallan fim ne. Na danna nan, na danna can, ƙarar sai ƙaruwa take yi. Daga ƙarshe na zauna a kan wayar, amma mutumin bai fasa ihu daga ƙarƙashina ba.

Baba ya yi mini wani kallo da ya isa ya ƙone gonar dawa. Liman ya shafa fatiha da sauri. Sai wani tsoho, aminin marigayin tun suna yara, ya soma dariya a hankali, kafaɗunsa na rawa.

"Da mai gidan nan yana nan," in ji shi, "da yau wayar nan a rijiya za ta kwana."

Mutane suka ɗan murmusa. Shi kuwa dariyar ba ta tsaya ba sai da ta juye kuka. Ya ja hannun riga ya rufe fuska yana cewa, "Wai da gaske ne? Wai da gaske ba ya nan?"

Tambayar da kowa yake yi ke nan tun ranar da abin ya faru. Baba Tsoho kakana ne, mahaifin Baba, kuma bai yi ciwo ba, ko atishawa ba mu ji ya yi ba. Da safe ya sha shayi a bakin titi, ya yi faɗa da akuyar maƙwabta da ta shiga masa kuɓewa, ya zaga gonar riɗinsa, ya dawo da hantsi ya zauna a gindin darbejiya ya ce a kawo masa ruwa. Ƙanwata ce ta kai ruwan. Ta dawo cikin gida da kofin a cike, ta ce Baba Tsoho ya yi barci a zaune.

Mai shayi ya zo a guje, ba takalmi, yana ta maimaita wa duk wanda ya gamu da shi, "Wallahi ko kofinsa ban wanke ba." Matar maƙwabcinmu ta tsaya a tsakar gidanmu riƙe da igiyar akuyar, ta kasa shiga ɗaki, ta kasa komawa, sai cewa take yi, "Yanzun nan fa ya gama zaginta. Yanzun nan." Wani dattijo ya taho tun daga Wurno da ta'aziyyarsa a shirye, ya ɗauka wani tsohon unguwarmu ne da ya daɗe a kwance. Da aka ce masa ba shi ba ne, Baba Tsoho ne, sai ya saki kekensa ya faɗi, shi kuma ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ƙannena. Za su girma su ji ana cewa kakansu shi ne tsohon nan da yake rufe talabijin da babbar riga, su yi dariya su wuce. Dariyar halas ce, ni ma na fi kowa yinta. Amma ina so su san daga ina abin ya samo.

A danginmu, daga Birnin Kudu har ƙauyukan Gwaram, in an yi rasuwa ba a ɗaukar waya. Baba Tsoho ake ɗauka. Shi ne mai kai labari, kuma yana da yadda yake yi. Ba ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, domin a cewarsa duk wanda ya ga tsoho ya yi ado a ranar aiki ya riga ya ji rabin magana. In ya isa sai ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gona, ya tambayi dabbobi, a kawo ruwa ya sha har ƙasan kwano. Sannan ya ce, "Wane ne jiki ya ɗan motsa, na ce bari in biyo mu je ku duba shi." Sai an yi nisa a hanya zai ƙara da cewa, "Jikin fa ya yi tsanani, sai addu'a." Ba zai faɗi sauran ba sai an shiga zaure, mutum ya zauna, nasa suna dama da hagu.

"Mutum ya fara zama tukuna," haka yake cewa. "Wanda yake tsaye ba a gaya masa komai."

Liman ya taɓa tsokanarsa, ya ce anya babu ƙarya a cikin wannan ɗan motsin jikin? Baba Tsoho ya ce, "Malam, ni na ce yana da rai?"

Ni ma an taɓa yi mini. Ina ƙarami aka kai ni hutu gidan kawuna a Wurno. Wata rana sai ga Baba Tsoho a kan keke, da tsohuwar rigarsa ta gona. Ya ce mahaifiyata ce ba ta jin daɗi, tana son ganina. Ya saya mini rake mai tsawon da ya kusa fi ni, ya ɗora ni a baya, muka taho ina sha ina tofar da ɓawo a bayan rigarsa, bai hana ni ba. Ya ba ni labarin wani jakinsa da ya ƙi tsallake rafi, na yi dariya har na kusa faɗowa. Da muka iso bai bar ni na ruga cikin gida ba. Ya zauna a zaure, ya ɗora ni a cinyarsa, ya karɓi guntun raken ya ajiye a gefe, ya riƙe hannuwana biyu, sannan ya gaya mini ta rasu. Abin da na fi tunawa a ranar nan har yau shi ne hanyar, da jakin. Ya bar mini wannan.

To, wannan mutumin ne Allah ya haɗa da tallan fim.

Da Baba ya sa sola ya sayo ƙaramar talabijin, Baba Tsoho ya ce aikin banza ne, ya juya mata baya. Sai dai bayan nasa yana da kunnuwa. Ba a jima ba ya soma tambaya, fuskarsa na kallon bango, "Wane ne ya yi maganar nan?" Kafin damina ta zagayo ya zama mai kujerar gaba, in la'asar ta yi shi ke aika a kira mu a kunna. Ya fi son fim mai ɓoyayyen ɓarawo. Yakan yi wa 'yan wasan magana kamar suna jin sa: "Kai, kada ka sha ruwan nan!" In suka sha sai ya tafa hannu ya ce ai ya gaya musu.

Matsalar ita ce kafin fim ya fara sai an sako tallan waɗansu. Ranar farko da ya lura, tallan wani fim ne a kan wani sa da aka sace, gari duka ana zargin juna. A cikin tallan nan aka nuna an fizge wa ɓarawon rawani, ashe maigadi ne. Aka nuna shi yana kuka a gaban alƙali. Aka nuna san ya dawo gida ana shafa masa wuya.

Baba Tsoho ya buɗe baki ya kasa rufewa. Can ya juyo ya dube ni.

"To, saura me?"

"Saura fim ɗin, Baba Tsoho. Kasuwa mai zuwa za a turo mana."

"In ga me a ciki? Na ga ɓarawo, na ga alƙali, na ga sa ya dawo. Sai dai in je in ga irin ciyawar da ya ci a hanya."

Daga ranar aka shiga yaƙi. Da ya ji kiɗan talla sai ya tuɓe babbar riga ya lulluɓe talabijin, ya toshe kunnuwa da yatsu, ya kama salati da ƙarfi har kajin gida su watse. Mu kuma muna zaune muna kallon riga tana walƙiya daga ciki. Da abin ya ishe shi, ranar kasuwa ya sa na raka shi wurin saurayin da yake tura mana fina-finai a memori.

"Ɗan nan, kai ne kake yanka tallan nan?"

"A'a, Baba, daga Kano ake haɗo shi haka."

"To ka gaya wa na Kano ina gaishe su. Ka tambaye su, in sun je wurin mai tsire, ɗanɗano yake ba su ko ragon gaba ɗaya?"

Saurayin ya yi dariya ya ce, "Baba, in ba a nuna wurin duka da wurin kuka ba, mutane ba sa nema."

"Ku nuna an ɗaga sanda mana. Wa ya hana ku? Amma kada ku nuna mini wanda ta sauka a kansa. Mutum ya ɓata rana yana gina labari, ku zo ku kwashe rufin tun ba a shiga ɗakin ba."

Mutane suka taru kamar ana rabon taki. Wani mai sayar da albasa ya goyi bayansa, wani ɗan acaɓa ya ce shi tallan ma ya fi masa fim ɗin daɗi, ya huta da zama. Baba Tsoho ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Kai da gani ko tuwo ba ka taunawa." Tun daga nan, duk memorin da za a kawo gidanmu sai saurayin ya zauna ya goge tallan da ke ciki. Da ya zo ta'aziyya ma abin da ya gaya wa Baba ke nan, idonsa jajur, wai akwai wani memorin da ya riga ya goge wa talla ya ajiye wa Baba Tsoho.

Sai dai akwai tallan da ba a iya gogewa, wato ni. Ina riga kowa kallon fim a wurin abokaina, kuma in na san ƙarshen abu sai in ji bakina yana ƙaiƙayi kamar na tauna barkono. Da jarumi ya fito sai in ji kaina ina cewa, "Wannan ai ƙaninsa ne zai..." Kafin in rufe baki hular Baba Tsoho ta sauka a fuskata. Shi ya raɗa mini Mai Talla, sunan da ya bi ni har makaranta. Daga baya ya samo magani. Kafin a kunna sai ya ciro goruba daga aljihu, mafi taurin da ke kasuwa, ya miƙo mini. "Riƙe wannan da haƙoranka har a tashi." Na ci gorubar da ta isa a dasa daji.

Mutum ɗaya ce take bayana a duk dangi, yayarsa, wadda take zaune a wani ƙauye kusa da Maruta. Baba yana ce mata Gwaggo, mu ma muka bi bakinsa. Ita ba ta kallon fim sai an gaya mata ƙarshensa. In ta zo mana kwana biyu, da an kunna sai ta yafito ni.

"Mijina, zo nan. Yaron nan mai jar hula, zai mutu ko ba zai mutu ba? Gaya mini in san irin zaman da zan yi."

"Yaya, ki bari ki gani mana!" in ji Baba Tsoho.

"Auta, rufe mini baki. Ni zuciyata ba ta wasa ba ce. In na san zai mutu sai in soma jin tausayinsa tun yanzu."

Sai in tofar da goruba in raɗa mata a kunne. Daga nan duk lokacin da mai jar hula ya fito sai ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, bawan Allah, yana ta dariya bai sani ba." Baba Tsoho ya tashi ya kwashi takalmansa, ya rantse ba zai ƙara kallo da ita ba har abada. Washegari kuma shi zai shimfiɗa mata tabarma kusa da kujerarsa. Tsoho mai furfura har a gira, amma in ta ce Auta sai ya amsa.

Da ta ce zuciyarta ba ta wasa ba ce, gaskiya ta faɗa. Shekarun baya ɗanta ya rasu a hatsarin mota, wani ya riga Baba Tsoho, ya buga waya ya faɗa mata kai tsaye tana tsaye a bakin turmi. A nan ta faɗi. Bakinta ya karkace, ta daɗe a asibiti, Baba Tsoho ne ya tare a wurinta yana ba ta kunu da cokali. Da ta warke ya tara mu ya kafa doka: ko kaza ce ta mutu, kada wanda ya gaya wa Yaya a waya, kada wanda ya gaya mata a tsaye.

Ranar da ya rasu, ana cikin ruɗewa, sai aka dubi juna. Mai kai labari ne a kwance. Wa zai je Maruta?

Baba ya ce ni.

Baffa, ƙanin Baba, ya daina kuka don mamaki. "Wannan? Yaya, kafin ya fita daga gari har awakin Gwaram sun ji."

"In babba ya je, da ta hango shi ta gane," in ji Baba. "Wannan kuwa kullum yana can yana shanye mata fura. Ba za ta kawo komai a ranta ba."

Ya ja ni gefe ya sa mini makullin babur a hannu. Ya rage murya. "Za mu jira ta har la'asar. Ina so ta gan shi, ta yi masa addu'a kafin a fitar da shi. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Amma kada ta ji daga bakinka. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

A hanya na yi kukan da iska ta riƙa kwashe mini zuwa kunnuwa. Kafin in shiga ƙauyen na tsaya a bakin famfo na wanke fuska, na gwada murmushi a madubin babur. Murmushin ya yi kama da na mai ciwon haƙori, amma shi nake da shi.

Na tarar da ita ita kaɗai tana tsinkar rama, mutanen gidan duk suna gona mai nisa, sai wasu yara biyu da ba su iya ɗaura wando ba.

"A'a, ga mijina marar cefane. Yau ma hannu rabbana?"

Na gaishe ta gaisuwa mai tsawo. Na tambayi gona, na tambayi awaki. Ta ba ni ruwa na shanye har ƙasan kwano. Sannan na ce, "Baba Tsoho ne jiki ya ɗan motsa, aka ce in zo mu je ki duba shi."

Na zaci za ta zabura ta ɗauki mayafi. Sai ta yi tsaki.

"Auta ke nan. Kunun tsamiyata yake so, ya rasa yadda zai ce. Bari in dama masa."

"Gwaggo, a can ma za a dama."

"Matan gidanku? Ruwan wanke ludayi za su ba shi. Hura mini wuta."

Na hura wuta. Ban taɓa ganin itacen da ya ƙi kamawa irin na ranar ba. Ta jiƙa tsamiya, ta tankaɗe gari sau biyu, tana ba ni labarin wata maƙwabciyarta da ta sayi tunkiya mai tari. Rana tana ta tafiya a kan katanga. Na ga ba dama, na ciro magana ta biyu, wadda Baba Tsoho ba ya faɗa sai an yi nisa a hanya.

"Gwaggo, jikin fa ya yi tsanani."

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Kai ne ka ce mini ɓeran ɗakinku ya kai ɗan maraƙi. In kai ka ce da tsanani, to mura ce." Ta ci gaba da juya ludayi. Can ta ɗan tsaya, ta dube ni ta gefen ido. "Da ka baro shi, yana cin abinci?"

Maganar ta taso mini har bayan haƙora. Tana tsaye, ga tukunya tana tafasa a gabanta, ba babba ko ɗaya a gidan da zai tare ta.

"Ki zauna mana, Gwaggo."

"In zauna kunu ya yi gudaji? Tambayarka na yi."

"Da safe ya sha shayi," na ce. "Har ya yi faɗa da akuya."

"To ka ji. Mai faɗa da akuya ai lafiyarsa ƙalau."

Ban yi ƙarya ba, amma amsar nan ita ta ƙarasa kashe mana lokaci. Hankalinta ya kwanta sarai. Ta juye kunu a filas. Ta yi alwala ta yi azahar, da nafila, da lazimin da na tabbata ta haɗa har da na gobe. Ta nemi mayafinta mai ruwan toka, ba baƙin ba. Sannan ta ce ba za ta je duba marar lafiya ba tare da kazar farfesu ba, in kamo mata budurwar nan mai wake-wake. Na bi kaza bayan rumbu, na bi ta cikin masara, ina gudu ina kuka, yaran nan biyu suna tafi suna ihu. Da na kamo ta Gwaggo ta dubi idona, ta ce hayaƙi bai karɓe ni ba, namijin da ba ya shiga madafa ke nan.

Muka hau hanya, ita a baya da filas a cinya, kaza a rataye tana zagin duniya. Ta ce in na yi gudu za ta sauka ta taka da ƙafarta. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Wayata tana ta rawa a aljihu tun muna gida, ban isa in ɗauka a gabanta ba. Da muka zo wani wuri mai duhuwa na tsaya na ce zan kewaya. Na shiga bayan wata kuka na kira Baba.

"Kuna ina?"

"Yanzu muka kusa fitowa titi."

Ina jin hayaniyar maza a bayansa, da iska.

"Hadari ya taso," ya ce. "An gama kabari, in ruwa ya sauka zai cika. Malam ya ce ba za a iya jira ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ku taho a hankali. Kada ka gaya mata."

Na tsaya a bayan kukar nan da waya a hannu. Ban dawo ba sai da ta ƙwala mini kira, tana tambaya ko gudawa nake yi.

Sauran hanyar ita ta yi ta magana. Ta ce za ta zauna mana har a yanke riɗi. Ta ce za ta gaya masa ya daina zuwa gona, ya tsufa, ko da yake ba zai ji ba, tun yana goye a bayanta yake da taurin kai. Ta ce ta taɓa yar da shi a gonar gyaɗa ta tafi kamun fara, ta dawo ta tarar yana cin ƙasa yana dariya, har yau ba ta gaya wa kowa ba. Ruwa ya kama mu, ta lulluɓe filas da mayafinta don kada kunun ya huce. Sau da yawa na buɗe baki in sake cewa jikin ya yi tsanani. Kowane karo sai in fasa.

Da muka shiga unguwarmu ruwan ya tsagaita. Na karya kwana, sai ga maza suna tahowa daga hanyar maƙabarta, jiƙe sharkaf, ƙafafunsu duk laka, wasu da fatanya a kafaɗa. A tsakiyarsu samari biyu suna ɗauke da makara, ba kowa a ciki.

Gwaggo ta yi shiru a tsakiyar magana. Na ji yatsunta sun nutse a kafaɗata.

Na tsaya a ƙofar gida. Baba da Baffa suka taho da sauri suka kama ta dama da hagu, suka shigar da ita zaure, suka zaunar da ita. Ba ta saki filas ɗin ba. Baba ya durƙusa a gabanta, ya buɗe baki, ta riga shi.

"An kai shi?"

"An kai shi, Gwaggo. Sai haƙuri."

Ta yi salati a hankali. Kowa ya zuba mata ido, Baffa ya ware hannuwa yana jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta juyo ta neme ni, ina rakuɓe a bakin ƙofa da kaza a hannu.

"Tun a gida ka sani?"

"Na sani."

"Ka tsaya kana kallona ina dama kunu."

Baba ya ce shi ya hana ni, kuma dokar marigayin ce. Ta ce ta san dokar wane ne. Ta ajiye filas a ƙasa, ta ce a kai ta ɗakinsa. Matan gida suka ce ta daɗe zaune a bakin gadon, tafin hannunta a kan shimfiɗar.

Har yau gidanmu ba a daidaita ba. Baffa ya ce da na gaya mata, da gawa biyu za a yi a rana ɗaya. Wasu daga cikin matan suka ce da na zaunar da ita na faɗa, da ta bar kunu da kaza ta hau babur, da mun iso da sauran lokaci. Baba ba ya shiga maganar. Ni ma ban sani ba, kuma wanda zan tambaya shi ne ba ya nan. Allah ya yi masa sauƙi irin wanda ya yi ta nema wa mutane a bakin zaurukansu, ya haskaka makwancinsa, ya gafarta masa.

Gwaggo ba ta suma ba, bakinta bai karkace ba, ko asibiti ba a kai ta ba. Da aka share makoki ta ce ba za ta jira yankan riɗi ba, ni na mayar da ita Maruta. Ƙaninta kuwa ba ta gan shi ba.